Abin da Lakar Tafki Ta Ajiye Mana: Jawabi a Taron Ƙungiya



Duk wanda ya je gida ganin dangi yakan dawo da magana ɗaya: daji ya ƙare, rairayi na cin gonaki. To, shin haka ƙasar take tun fil azal? Masana suna da hanyar bincika wannan, kuma ita zan ɗan bayyana.

Kun san garin nan rawaya da kudan zuma ke kwasowa a fure. Kowace bishiya da ciyawa tana da irin nata, kuma ɓawonsa ba ya ruɓewa da wuri. Iska takan zuba shi cikin tafki, laka ta binne shi, shekara bisa shekara. Sai masana su kafa bututu su zaro lakar, su auna shekarun kowane hawa, su ƙirga ƙwayoyin a madubin ƙara girma. In na ciyawa ya yi yawa, fili ne. In na itatuwan fadama ne, an sha ruwa ke nan. A Jami'ar Ibadan, Farfesa Adebisi Sowunmi ta yi wannan aiki da lakar yankin Neja Delta.

A Arewa kuwa, Ulrich Salzmann, Bajamushe, ya bincika Tafkin Tila kusa da Biu, da kwarurukan ƙasar Manga ta Yobe. Ya gano cewa kimanin shekara 10,000 da suka wuce, itatuwa masu son ruwa, irin na kudu, sun tsiro a can. Ga kuma shaida: kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987 ya kai shekara 8,000. Daga baya ruwa ya yi ta ja da baya, har wajen shekara 3,300 da suka wuce ƙasar Manga ta koma sahel.

Ke nan, jama'a, bushewar farko ba gatari ya kawo ta ba, sauyin damina ne. Amma ƙasar da ruwanta ya riga ya ragu ba ta jure sara. Gawo da kuka da suka rage su ke riƙe da gonakin iyayenmu. Don haka ina roƙon ƙungiya, cikin gudummawar da muke aikawa gida, a ware kason dashen itatuwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka.