Ranar da hazo ya hana mu kaiwa ƙololuwar Uludag

Yau ba siyasa, ba maganar zaɓe. Labarin wata kasada zan ba ku, wadda na yi lokacin ina karatu a Turkiyya, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Duk wanda ya taɓa zama a birnin Bursa ya san dutsen Uludag, don ko ta ina ka ɗaga kai shi za ka gani. Tsayinsa mita 2,543, wato ya fi Chappal Waddi na Taraba, wanda shi ne mafi tsayi a Najeriya. Da hunturu mutanen Istanbul ke cika shi, suna wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuɗin otal kuwa ba na ɗalibi ba ne. To mu 'yan "Allah ba ku mu samu" sai muka ce bari mu je a watan Satumba, lokacin da ƙanƙarar ta narke, wurin ya zama ba kowa.

Mu uku ne: ni, da wani ɗan Kano, da abokinmu ɗan garin. Muka shiga teleferik, wani akwati ne mai gilashi da ke tafiya a jikin waya, tun 1963 ake hawa dutsen da shi. Ƙasa ana zafi, ni daga riga mai gajeren hannu sai takalmin ƙwallo. Abokin nan namu ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, haka za ka hau?" Na ce ai ni ɗan Arewa ne, na ga hunturu iri-iri. Kun ji wauta.

Abin da ban sani ba, duk mita dubu da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Ku lissafa da kanku. Tsakanin gari da ƙololuwa bambancin ya kai digiri 15, ban da iska.

Amma wallahi wurin akwai kyau. Otal-otal shiru, kujerun da ke ɗaukar 'yan zamiya suna rataye a waya, iska na kaɗa su. Hanyoyin zamiyar sun koma ciyawa da tsakuwa. Kuma a nan ne mutum ke ruɗuwa: hanyar da mai zamiya ke saukowa cikin 'yan mintuna, kai da ƙafa sai ka yi awa kana haki, don an yi ta ne domin gangarowa. Da muka wuce iyakar bishiyoyi, sai duwatsu zalla, har muka isa kangon wata tsohuwar ma'adinai da aka rufe tun kafin a haife ni.

Nan muka haɗu da wani dattijo yana saukowa da sandarsa. Ya kalli sama, ya kalli takalmina, ya ce, "'Ya'yana, ku juya." Na ce, "Baba, saura kaɗan fa." Bai ƙara cewa komai ba, ya wuce.

Ba a yi minti ashirin ba hazo ya sauko. Jama'a, ba irin hazon harmatan ba ne da kake hango mota daga nesa. Wannan farin abu ne mai jiƙa kaya, abokinka na gabanka amma muryarsa kawai kake ji. Hanya ta ɓace. Wayata saura kashi 9, sanyi na cinye batir, yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa. Kuma ba mu gaya wa kowa inda za mu ba. Wannan shi ya fi damuna, don da wani abu ya faru, ba wanda zai san ta ina za a fara nema.

Ni fa har lokacin ina cewa mu ƙarasa, saboda hoto. Hoto! Ɗan garin ne ya daka min tsawa, ya ce ko mu zauna wuri ɗaya ko ya kira 112 yanzu, jandarmomi su zo su kwashe mu. Muka rakuɓe bayan wani dutse, ya ba ni rigar sanyinsa ta biyu, muka raba burodi ɗaya uku. Da hazon ya ɗan yaye, muka koma kangon nan, daga can muka bi tsohuwar hanyar mota har muka fara ganin turakun waya.

Ana kiran magariba muka shigo Bursa. Ba mu taka ƙololuwa ba, kuma har na gama karatu ban sake gwadawa ba. Rigar nan tana wurina har yau, ya ce in riƙe.

Mako mai zuwa za mu koma kan maganar ambaliya. Ku huta lafiya.