Labarin Kai a Gaban Jama'a



Tun muna yara muka san bambancin tatsuniya da labari. Mai tatsuniya yana da mafaka: in an yi rowa ko haɗama, Gizo ne ya yi. Abin da muke so mu duba yau shi ne irin taron da mutum zai miƙe, ba Gizon da zai laɓe a bayansa, ya faɗi abin da ya same shi da kansa a gaban waɗanda bai taɓa gani ba.

A shekarar 1997 wani marubuci, George Dawes Green, ya fara irin wannan zama a ɗakinsa a birnin New York ta Amurka. Ya raɗa masa suna The Moth, watau faɗa-wuta, don tunawa da hirar dare a jiharsu ta Jojiya, inda ƙwari kan kewaye fitila su kuwa suna ta ba juna labari. Kewar gida ce ta haifi abin, kuma duk wanda aiki ko karatu ya raba shi da dandalin unguwarsu ya san wannan kewa. A gasar da suke shiryawa akan tsai da jigo guda, a zaro sunayen mutum goma, kowa minti biyar. Ba a riƙe takarda, kuma lalle labarin ya zama gaskiya, ya zama na mai faɗarsa. A 2009 abin ya kai ga rediyo.

To, me ke sa mutum ya tona cikinsa haka? Wasu za su ce neman suna, kuma ba mu musa ba. Amma mai neman suna nasararsa yake faɗa, alhali labarin da ke sa ɗaki ya yi tsit shi ne na jarrabawar da aka faɗi, ko na uban da ya rasu ba a shirya da shi ba. A ganinmu baƙuntar masu sauraro ita ce sirrin. Baƙo ba zai tare ka da maganar gobe a kasuwa ba, ba zai kai wa surukanka ba. Mu da kunya ke hana uwa ambaton sunan ɗanta na fari mun fi kowa sanin nauyin idon sani. Ku tuna Baba ta Karo, wadda ta zayyana rayuwarta da aure-aurenta tsakanin 1949 da 1950: baƙuwa ta faɗa wa, Baturiya Mary Smith, littafin ya fito a 1954.

Saura wata matsala ga masu sha'awar kafa irin wannan zama a nan. Ba labarin gaskiya da ke da mutum ɗaya a cikinsa. Akwai matar, akwai ƙanin, akwai maigidan, kuma ba wanda ya nemi izininsu. A New York sakaya suna ya wadatar. A garuruwanmu kuwa, da ka ce "wani kawuna", rabin ɗakin sun san ƙofar gidansa.