Amsar Wasiƙa Daga Illela

Wani bawan Allah ya rubuto mana daga Illela. Ɗansa ya gama digirin Faransanci, yana son ƙaro na biyu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato. Shin ya sayar da san nomansa ya biya masa?

To Alhaji, kada ka raina karatun nan. Ko da Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa a 2025, takardun kwastan na Birnin Konni da Faransanci ake cika su, kai ma ka sha neman tafinta. Amma fa sai yaro ya nuna takardar bautar ƙasa kafin a ɗauke shi. In bai karɓo ta ba, bar sanka ya ci harawa tukuna.