Wa Za Mu Kai Wa Ciwon Zuciya? Jawabin Ranar Bikin Cikar Ƙungiya

An ce in yi magana a kan lafiya, sai na zaɓi ciwon da ba ma son kiran sunansa.

Kowacce a nan ta san wata da ta daina zuwa taro, zubin adashinta ya fara tsallake, in an je gidanta a tarar da ita kwance da rana tsaka, ba zazzaɓi ba ciwon kai. Sai mu ce lalaci ne, ko an yi mata asiri. Sau da yawa ciwon damuwa ne. In mutum ya kwashe mako 2 ko fiye cikin baƙin ciki, barci ya ƙi, abinci ya fita ransa, abin da ke faranta masa rai a da ya daina, to lokacin neman taimako ya yi. Mai jego ma haka: kukan kwanakin farko yakan wuce da kansa, amma in an wuce mako 2 tana nan ba ta ko son ɗaukar jaririn, kada a ce shagwaɓa ce.

To, wurin wa za a je? Masu wannan aiki ba ɗaya ba ne. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya gama karatun likita sannan ya ƙware a wannan fanni. Shi ke rubuta magani. Akwai masanin halayyar ɗan Adam, wanda maganinsa zama ne da tattaunawa, mako bayan mako, har mutum ya koyi yadda zai kama tunanin da ke jefa shi cikin ƙunci. Akwai kuma nas-nas da aka horar musamman. Wata ƙwaya kawai take buƙata, wata magana, wata kuma duka biyun.

Ni dai shawarata, a fara da asibitin da ke kusa, a yanki kati, a auna jini. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna iya kawo kasala da faɗuwar gaba kamar na damuwa. In ba su ba ne, sai a nemi takardar turawa. A Kano akwai asibitin Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri. Na ga wasu suna murmushi da na ce Dawanau. Wallahi yawancin masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su koma gida su ɗora girki.

Yanzu ga inda na fi so ku saurare ni. Ba duk mai farar riga ne ya dace da ke ba. A zama na farko ki lura: ya bar ki kin gama maganarki, ko tun kina tsakiya ya ja biro? Ya yi miki bayanin abin da yake zato da harshen da kike ji? Ki tambaye shi kai tsaye: "Likita, abin da zan faɗa zai tsaya a ɗakin nan?" Haƙƙinki ne. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta kare sirrin mara lafiya da mutuncinsa. In kin fi sakewa da mace, ki faɗa, ba rashin kunya ba ne. In kuma mai gida ko uwar miji sun raka ki, kina iya roƙon su ɗan jira a waje. Akwai maganar da ba ta fitowa a gaban suruka, mun sani.

Ki guji wanda ya ce zai warkar da ke cikin kwana 3, da wanda ke neman kuɗi masu yawa tun bai ji matsalarki ba, da wanda ya ce ki zo ke kaɗai da dare. Mai kemis kuma ba likita ba ne. Ƙwayar barcin da yake bayarwa ba takarda tana iya zama jaraba. Addu'a da karatun Alƙur'ani ba sa karo da asibiti, kuma likitan kirki ba zai raina imaninki ba. Amma duk inda ake sa wa mutum mari ko a dake shi da sunan magani, kada ku kai naku.

Sai haƙuri. Maganin damuwa yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji sauƙi, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ji dama. In kin je sau uku ko huɗu har yanzu kina fitowa da jin an ƙasƙantar da ke, ki nemi a sauya miki wani. Abu ɗaya ne ba ya jira: wadda ta fara cewa gara ta mutu, ko mai jegon da ta rikice tana jin muryoyi, a kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai.

Hajiya shugaba, ina da roƙo. Asusun taimakon da muke buɗewa don haihuwa da rasuwa, a duba ko zai ɗauki kuɗin mota da na kati ga mai irin wannan lalura, kuma ma'aji kaɗai ta san sunanta. A sa shi cikin abin da za a tattauna a taron wata mai zuwa.