MTV da Ƙofar da Aka Rufe wa Baƙaƙen Mawaƙa



A ranar 1 ga Agusta, 1981, tashar talabijin ta MTV ta fara aiki a Amurka. A lokacin, dare da rana ba ta nuna komai sai bidiyon waƙoƙi. Ta buɗe ne da waƙar Buggles, wata ƙungiyar Ingila, wadda jigonta shi ne bidiyo ya kashe kasuwar mawaƙan rediyo. Waɗanda suka kalla a ranar ba su da yawa, domin ko unguwar Manhattan ta New York tashar ba ta isa ba sai a 1982.

Kasuwancin mai sauƙi ne. Kamfanonin faifai ke kashe kuɗin shirya bidiyo, su miƙa wa tashar kyauta, tunda a wurinsu talla ce. Amma mawaƙan Amurka ba su tanadi bidiyo da yawa ba, na Ingila kuwa sun riga sun saba. Haka Duran Duran da Culture Club suka mamaye akwatin. A garuruwan da tashar ta isa, matasa suka riƙa neman faifan mawaƙan da rediyon garinsu bai taɓa sakawa ba. Daga nan murya kaɗai ta daina wadatar da mawaƙi: sai da fuska, da sutura, da rawa.

Inda nake so mu tsaya shi ne wanda aka hana shiga. A shekarun farko da wuya ka ga baƙar fata a MTV. Hujjar shugabanninta ita ce tashar ta kiɗan rok ce. Ni dai wannan hujja ba ta gamsar da ni ba, domin shi kansa rok ɗin daga kiɗan baƙaƙen Amurka ya tsiro. Mawaƙi baƙar fata Rick James ya yi ƙorafi a bainar jama'a. A 1983 mawaƙi David Bowie, Bature ɗan Ingila, ya titsiye mai gabatar da shiri Mark Goodman ana tsakiyar hira, ya tambaye shi dalili. Amsar Goodman ta koma kan gudun ɓata wa masu kallo na ƙananan garuruwa rai.

Kasuwa ce ta buɗe ƙofar. A 1983 ɗin tashar ta fara saka "Billie Jean" ta Michael Jackson. Shugaban kamfanin CBS Records mai fitar da faifan Jackson, Walter Yetnikoff, ya ce sai da ya yi barazanar janye bidiyon mawaƙansa kaf. Mutanen MTV sun musanta. A Disamba aka saki bidiyon Jackson na "Thriller", wanda John Landis ya ba da umarninsa, mai tsawon kusan minti 14, aka yi ta maimaita shi saboda jama'a na nema. Prince da Tina Turner suka samu wuri. Masu kiɗan rap kuwa, duk da cinikin da faifansu ke yi, ba su sami shiri nasu na kansu a tashar ta Amurka ba sai a 1988, da aka fara Yo! MTV Raps.