Jawabin malamin lakwal a kan motar da ƙungiya ke son saye

Shugaba, iyayenmu dattawa, ƴan'uwa na gida da waɗanda suka taso daga Maradi da Yamai, ina gaishe ku. Kun ce in yi magana a kan ƙaramar motar da muke son saye don kai marasa lahiya da mata masu naƙuda likita, tunda ina riƙe da irinta. Ni ba makanisi ba ne, alli na sani. Abin da na gani da ido shi zan gaya muku.

Motar da aka nuna muna Toyota Starlet ce, irin wadda ta daɗe tana aikin taksi a Yamai. An hwara ƙera ta a 1973, an bar ƙera wagga tsohuwar a 1999. Ke nan ko wadda ta hi ƙuruciya cikinsu ta wuce shekara 25. Mota ce mai haƙuri, ba ta shan esansi da yawa, ko wane garaji ya san ta. Amma tsuhwa ba ta barin roba, kuma an ƙera motar don godoro, mu ko rairayi da jan ƙasa gare mu.

Cuta ta hwarko zahin moter. Tiyon ruwa ya kan bushe ya tsage, radiyato ya kan toshe, balle in ruwan rijiya ake zuba mishi kullum. A nan ni na ƙone. Wata rana cikin bazara allura ta hau ja, na ce bari in ƙarasa gari, ai saura kaɗan. Kahin in isa, juwan ɗin kulas ya ƙone, kulas ɗin kanshi ya lanƙwashe, don ba baƙin ƙarhe ba ne, alminiyam ne. Tiyon da ya jawo abin bai kai kuɗɗin rago ba. Gyaran ya cinye albashina na wata guda har na ci bashi. Laihina ne, ba na mota ba. In allura ta hau, a tsaya nan take, a kashe moter.

Ta biyu, akwai igiyar roba mai haƙora cikin moter, makanisai na ce mata kurwa. Ana canza ta wajen kilomita 100.000, amma shekaru ma suna cin ta. Ba ta kashedi. In ta tsinke, mota ta mutu inda take, ko tsakiyar daji ne, ko da mai naƙuda a ciki. Kada mu dogara da kwantar, ana juya ta baya. Ranar da muka saya, ranar za a sa sabuwa.

Ta ukku ƙahwahu. Ƙahwahun gaba ne ke jan wagga mota, ta wurin kardan. Robar da ke ruhe kardan in ta yage, girisi ya hita, rairayi ya shiga, sai ku ji ƙas-ƙas in ana shan kwana. Roba araha ce, kardan da tsada. Haka amortiser da rotil, hanyarmu mai tudu da kwari tana gama da su da wuri. Cikin motar kuma kusa yake da ƙasa, in aka labta mata mutum bakwai da buhun hatsi, sai ta riƙa jan ciki.

Ta huɗu ƙura da mai. Hiltar iska a kaɗe ta ko wane mako lokacin hunturu. A yi bidanj kan lokaci. Esansin kwalba na ƴan ruwa-ruwa ya kan zo da ƙasa ko ruwa. Da ana sayen shi don araha, amma tun da Najeriya ta cire tallahin mai a 2023, arahar ta ragu ƙwarai.

Sai maganar kuɗɗi. Iyayenmu, kun san sayen doki ba shi ne wuya ba, dawa da harawa ne. Piyes daga waje suke zuwa. Waɗanda suka ga 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, sun tuna yadda kayan waje suka yi tsalle. Kasuwa kuma iri ukku ce: sabuwa ta asali, tsohuwa ta asali da aka ciro daga wata mota, da sabuwa ta jabu. Ga kurwa da birki, kada mu nemi araha. Ga ƙohwa ko hitila, tsohuwa ta isa. Ban da wanga akwai asirans da takardu ko wace shekara.

Shawarata ga ta. Kada mu zuba dukan abin da muka tara wajen saye. Mu aje kashi ɗaya cikin ukku don gyaran hwarko. Mu buɗe asusun gyara dabam: in mutum 50 suka ba da dala 100 ko wane wata, jika 25 ke nan, a shekara jika 300. Direba guda, makanisi guda, littahi guda da za a rubuta ko wane gyara da kilomita. Kuma ba a ɗaukar ta zuwa kasuwa ko biki, ko ɗan wane ne ya roƙa.

In ba mu iya wanga ba, gara mu dakata shekara guda. Motar da ke kan duwatsu bayan masallaci ba ta kai kowa likita.

Wanda na saɓa wa ya gahwarce ni. Allah ya ba mu lahiya da haɗin kai. Wassalamu.