Ku Kai Ƙannenku Gidan Tarihi na Bubu Hama



Idan hutun lakwal ya zo, ku ɗauki ƙannenku ku kai su gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai. An buɗe shi a 1959, yana kuma ɗauke da sunan Bubu Hama, tsohon shugaban majalisar dokoki.

Da kun shiga, yara za su ruga wajen zaki da dorina. To, ku bar su su kalla. Amma kar kallon ya ƙare nan. Ku ja su zuwa filin da aka gina mazaunan kakanninmu: ɗakin ƙasa na Bahaushe, bukkar Bazabarme, tantin Buzu. Yaron da aka haifa cikin gidan siminti bai san rumbu ba, balle dalilin ɗaga shi daga ƙasa don kare hatsi daga laima da gara. Ku gaya masa. Ku tsaya wajen masaƙa da dukawa da maƙeran azurfa, ya ga yadda hannu ke ciyar da mai shi. Ku nuna masa itaciyar Tenere da mota ta kayar a 1973.

Ku tafi da ruwan sha, ku riƙe hannun ƙanana kusa da kejin dabbobi. In kun koma gida, kowane yaro ya faɗa ma kakarsa abu uku da ya gani. Ita za ta ƙarasa masa labarin, tun tana da rai.

Allah ya yi mana jagora.